Musayar waƙa: wa ya cancanci gurbi a hokin ƙanƙara?

Ɗan Fairbanks: Assalamu alaikum. Duk watan Maris hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, kan fitar da jami'o'i 16 da za su kara a gasar sili ɗaya ƙwale. Zakarun rukuni 6 na shiga kai tsaye, sauran gurbi 10 lissafin sakamakon wasanni ke rabawa (a 2023 tsarin PairWise ake bi). Ga kukana kan Jami'ar Alaska da ke Fairbanks, wadda ta rasa gurbi a 2023 saboda jami'o'in Colgate da Canisius, da ke ƙasa da ita a lissafi, sun zama zakarun rukuninsu:

Rukuni shida, kowa da zakaransa,
Ya ɗau kofi, ya kama gurbinsa.
Alaska maraya, wa ya tsaya masa?
Ba shi da rukuni, sai ƙarfin kansa.
A 2023 na 15 ne matsayinsa,
Colgate da Canisius suka cinye rabonsa.

Gimbiyar Denver:
Ɗan Fairbanks, share hawayenka,
Ka san doka tun kafin fitarka.
PairWise ba ta duba nisan garinka,
Wa ka kayar, wa ya kayar da kai, shi ne kawai tambayarka.
Kofi 10 muka cika a 2024, nuna mini naka!

Baban Sadiya: Kai, Gimbiya! Allah ya ƙara basira. Jami'ar Denver ko a waƙa ba ta da na biyu.

Malam Mai Kari: Gimbiya, ɗangonki na huɗu ya zarce 'yan'uwansa da gaɓa kusan takwas. Kuma shi ya yi ɗango shida, ke biyar. Amsa ba ta cika ba.

Gimbiyar Denver: Malam, ƙwar biyar na yi. A wane littafi aka hana? Ai shi ne ya kamata ka tambaya ƙwar shida daga ina.

Malam Mai Kari: Ƙwar biyar da amsa-amo ɗaya tak, ba na ciki ba na waje? Haba.

Baban Sadiya: Malam, tun bara kake gyara, baitinka ɗaya ba mu gani ba.

Autan Zaure: Ku bar kari, ni da Yaya Ɗan Fairbanks nake:

Yaya, kar ka zagi ƙaramin zakara,
Ƙofarsa ce ke sa manya tsora.
2006 Holy Cross ta yi ƙoƙari,
Ta kori Minnesota, aka koma gida da sauri.
Kwalejin AIC a 2019 ta ƙara,
St. Cloud ta ɗaya, a wasan farko ta tattara.

Malam Mai Kari: "Tsora" ba kalma ba ce, Auta. Tsoro ne. Ka karya wa kalma wuya don amsa-amo.

Autan Zaure: Manyan mawaƙa na yi, Malam.

Gimbiyar Denver:
Auta ya yi gaskiya, Malam ya sa ido,
Mai ƙirga gaɓa, fito fili mu ga ado!

Ɗan Fairbanks: Afuwan, sai yau na dawo. An ma daina PairWise daga kakar 2025 zuwa 2026, sabon lissafi mai suna NPI ake bi yanzu, amma marar rukuni har yau ƙofarsa ɗaya.

Auta, ban ƙi ƙarami ya shiga ba,
Wanda aka bari a waje ba ku ƙirga ba.
Yale a 2013 ba ta 15 ba ce ba?
Ta ɗau kofin ƙasa, ba ku manta ba.
Mu ma na 15, ba a ba mu fili ba,
Gimbiya, ki amsa wannan, ba zancen kofinki ba.

Malam Mai Kari: "Ba" sau shida ba amsa-amo ba ne.