Amfilifaya ko fedal mai kwaikwayon sauti: wanne ya dace da mai koyon jita a gidan haya a Jos?

Bitrus, Tudun Wada

Ina gaishe ku duka, manya da ƙanana. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar jitar lantarki, domin ɗan kuɗin da na tara ba zai wuce sayen abu ɗaya ba, kuma farashin waɗannan kaya yana bin dala, ta yadda idan na saya ba daidai ba zan daɗe ban samu damar canzawa ba.

Jitata ƙirar Stratocaster ce mai fikof uku 'yan sirara, wato na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sautinta. A coci kaɗai nake jin ainihin muryarta, idan an jona ta da miksa, na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa ta tura shi sifikun coci, ranar gwaji da ranar Lahadi. A gida kuwa haka nake kaɗa ta ba a jone ba, abin da ya sa hannuna ya saba da dukan tsirkiya fiye da kima. Gidan haya nake, bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabta masu jariri, ba na samun lokacin koyo sai bayan ƙarfe tara na dare, kuma sau da yawa a lokacin babu wuta. Sautin da na fi buƙata shi ne garau, da ɗan dile mai maimaita abin da aka kaɗa, da ribab mai ba sauti amon babban ɗaki, sai ɗan kaushi kaɗan a wasu waƙoƙin matasa.

An nuna mini amfilifayoyi uku, wato akwatunan ƙara sautin jita masu sifika a jiki: Boss Katana-50, da Fender Mustang LT25, da Spark 40 na kamfanin Positive Grid. Wasu kuma sun ce in bar zancen amfilifaya, in sayi fedal, ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa, mai kwaikwayon sautin amfilifayoyi, irin Zoom G1X Four ko NUX MG-300. Wanne ya fi dacewa da halin da nake ciki?

Yakubu, Bukuru

Ƙanena Bitrus, idan kuɗinka ya kai, Katana-50 nake ba ka shawara, kuma dalilina na farko sifikarta ce. Inci 12 ce, alhali ta LT25 inci 8 ce, Spark 40 kuma ƙananan sifiku biyu gare ta masu inci 4. Faɗin sifika shi ke ba sautin jita jiki, kuma mai koyo da yake jin yadda iska ke motsawa a gabansa yana saurin gane lokacin da ya danne tsirkiya da yawa da lokacin da ya sassauta, wanda shi ne ainihin matsalar da ka ambata.

Kada lambar 50 ta tsorata ka saboda maƙwabta. Akwai maɓalli a samanta da yake sauke ƙarfin zuwa wat 25 ko rabin wat, kuma a rabin wat za ka iya kaɗawa a ɗaki ba tare da na waje ya damu ba. Idan dare ya yi nisa akwai inda ake jona hedifon, sifikar ta yi shiru. Yana da kyau kuma ka sani cewa yawan wat ba ya tafiya kai-tsaye da ƙara a kunne: kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka wat kusan sau goma, saboda haka bambancin mai wat 25 da mai 50 bai kai yadda masu shago ke faɗa ba. Tun 2016 Boss ya fito da wannan jeri, ya sabunta shi a 2019 da MkII, ya kuma sake a 2024 da Gen 3, don haka ana samun na hannu. Dile da ribab ɗin da ke ciki daga fedalolin Boss aka ɗauko su, kuma za su ishe ka.

LT25 ba ta da laifi, musamman a sauti garau, wanda da shi aka san Fender, ga ɗan allo da ke sauƙaƙa zaɓe, ga rashin nauyi. Spark kuwa ta fi karkata ga wanda yake son sarrafa komai ta waya, kuma a kunnena kaurin muryarta yana yin yawa a ƙaramin ɗaki.

Rahila, Dadin Kowa

Yaya Yakubu, duk abin da ka faɗa game da Katana gaskiya ne, amma ina ganin ka amsa tambayar wanda yake da wuta da ɗaki nasa shi kaɗai. Ɗan'uwa Bitrus ya faɗi abubuwa uku: dare yake koyo, wuta ba ta tsayawa, kuma a coci ta miksa sautinsa ke fita. Idan aka haɗa ukun, za a ga cewa a mafi yawan lokutan da zai riƙe jita, sautin ko dai ta hedifon zai fita ko ta sifikun coci. To, mene ne amfanin ya zuba mafi yawan kuɗinsa a kan sifika mai inci 12 da akwati mai nauyin kusan kilo 12, waɗanda ba za su yi aiki ba sai an kawo wuta kuma jariri yana farke?

Ni fedal nake amfani da shi, kuma shi nake ba shi shawara. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da jar na'urar nan mai suna POD, wadda ta sa mutane da yawa suka koma ɗaukar sauti ba tare da amfilifaya ba, kuma abin da a da sai mai hali yake saya yanzu ya sauko cikin ƙananan fedaloli. Zoom G1X Four yana aiki da batir huɗu irin na AA, yana kuma karɓar wuta ta USB, wato fawabankin da kake cajin waya da shi zai riƙe shi. Akwai ganguna a ciki da za su riƙe maka lokaci, akwai abin naɗe sauti na daƙiƙa 30 da zai maimaita maka kiɗan rakiya kana ɗora naka a kai, akwai inda za ka jona waya ka bi waƙar da ƙungiyarku za ta rera, ga kuma matakin ƙafa da za ka riƙa ɗaga ƙara da saukewa a hankali lokacin addu'a. Ranar Lahadi ka sa shi cikin jakar jita ka hau Keke, sautin da ka gyara a ɗaki shi ne zai fita a coci.

Sai dai ba zan ɓoye rauninsa ba. Jikinsa roba ne, abubuwa biyar kawai yake haɗawa a lokaci ɗaya, kuma USB ɗinsa ba ya kai sauti cikin kwamfuta. Idan kana da niyyar ɗaukar waƙa a laftof nan gaba, NUX MG-300 da Valeton GP-100 suna yin wannan, kuma suna karɓar ƙarin sautukan akwatin sifika da ake saukewa daga intanet, amma su adafta suke so, ba su da gidan batir. A nan ne za ka auna: rashin wuta ya fi damunka, ko ɗaukar sauti?

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai sayen irin wannan fedal ya fahimta, domin shi ke sa mutane da yawa su ce fedal mai araha ba shi da daɗi alhali saitin ne ba daidai ba. Sifikar jita ba ta fitar da sauti mai tsananin kaifi, tana yanke shi, kuma wannan yankewar ce ke sa kaushin jita ya yi daɗin ji. Hedifon da sifikun coci da amfilifayar kibod kuwa komai suke fitarwa. Saboda haka fedal yana da sashen da ke kwaikwayon akwatin sifikar jita, kuma dole ne ya kasance a kunne idan ta hedifon ko miksa kake fita, in ba haka ba za ka ji kaushin yana zuza kamar ƙudan zuma a gwangwani. Idan kuma ka jona fedal ɗin da ainihin amfilifayar jita, sai ka kashe wannan sashe, domin in an yanke kaifin sau biyu sautin yana dushewa. Na sha ganin an zargi jita, an zargi waya, an zargi mai miksa, alhali wannan ne kawai.

Malam Sani, mai gyara, Terminus

Ni ba makaɗi ba ne, amma kayanku a teburina suke ƙarewa, don haka bari in faɗi abin da ya shafi wuta, ko wanne ka zaɓa, ɗana.

Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Yawancin amfilifayoyi na hannu da ake kawowa daga can an yi su ne don wutar can kaɗai, kuma Katana tana cikin waɗanda ake ƙerawa daban-daban bisa ƙasar da za a kai su. Kafin ka biya, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In ka ga 117 ko 120 kawai, sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ranar da wani ya ɗauka ya jona kai-tsaye a bango, aikin ya ƙare. Wadda ta zo daga Ingila ko sauran ƙasashen Turai ba ta da wannan matsala.

A fedal kuma adafta ce ke kashe su. Na Zoom da Boss da NUX bolt 9 suke so, kuma tsakiyar bakin adaftar ne ke ɗauke da nagatif, alhali yawancin adaftocin dikoda da na'urar intanet da ke yawo a gidaje bolt 12 ne kuma tsakiyarsu fozitif. Bakin yana shiga daidai, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Akwai ɗan zane a jikin fedal da jikin adafta da ke nuna wannan. A tabbatar sun yi daidai.

Game da gurnanin da za ka ji, fikof siraran nan irin naka suna jawo amon wutar gida, musamman kusa da talabijin, ko caja marar kyau, ko inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul. Gidajen haya da yawa kuma ba a haɗa musu wayar ƙasa ba. A yawancin jitoci irin taka, idan ka sa maɓallin zaɓen fikof a matsayi na biyu ko na huɗu gurnanin yana raguwa sosai. A nan 'yata Rahila tana da hujja babba, domin fedal da ke kan batir da hedifon ba shi da wata alaƙa da wutar bango. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya wai don a kashe gurnani: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma wannan ƙafar ce ke tsare mai kaɗawa idan wani abu ya lalace a ciki. Da damina kuma, yadda tsawa take a garin nan, a cire fulogi daga bango in hadari ya taso, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba.

In na hannu za ka saya, je da jitarka da wayarka da hedifon ɗinka. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Ƙarar ƙaiƙayi yawanci ƙurar hunturu ce kuma ana wanke ta da feshin gyara, amma sauti mai yankewa idan an girgiza bakin waya yana nufin sai an buɗe. Ka bar ta a kunne na ɗan lokaci ta ɗumama, domin wata matsalar ba ta fitowa sai ta yi zafi.

Yakubu, Bukuru

Na karɓi hujjar batir, ƙanwata, ba ni da amsarta. Abin da nake tsoro kawai shi ne mai koyo ya shekara yana jin kansa ta hedifon, ga dile ga ribab sun cika masa kunne, kurakuransa su ɓuya a ciki. Bitrus, in fedal ka saya, ka ware saiti ɗaya garau wanda babu komai a kansa, ka riƙa fara koyon kowace rana da shi, kuma kada ka ƙure ƙarar hedifon, domin kunne in ya lalace ba ya dawowa. Ka kuma sani cewa ƙofar amfilifaya ba ta rufe ba: Katana daga MkII tana da wata mashiga a baya da aka yi musamman don a jona irin waɗannan fedaloli, saboda haka duk ranar da hali ya samu, abin da ka saya yanzu zai ci gaba da aiki tare da ita.

Bitrus, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Yaya Yakubu, 'yar'uwa Rahila, da Malam Sani, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga Zoom ɗin saboda batir, tunda ba ni da laftof a yanzu, kuma abin da ya rage zan sa a hedifon mai kyau da waya mai ƙwari. Saura tambaya ɗaya: daga inda nake tsayawa a coci zuwa miksa akwai nisa sosai, domin a bayan jama'a take. Doguwar wayar jita za ta wadatar?

Rahila, Dadin Kowa

Ba na ba ka shawarar haka ba, ɗan'uwa, domin wayar jita in ta yi tsawo tana kwaso gurnani a hanya. Ka tambayi mai kula da sauti ko akwai akwatin DI, ɗan akwatin da ke juya sautin kayan kiɗa ya dace da wayar makirfo, wanda galibi ake jona wa kibod ko jitar bes. Gajeriyar waya za ta tashi daga fedal zuwa akwatin, daga nan kuma wayar makirfo mai ƙafa uku ta kai har miksa, ita kuwa tana jure nisa. Ka je gwaji da wuri ka rage ribab ɗin da ka saba da shi a hedifon, tunda ginin coci yana da nasa amon, sannan ka daidaita ƙarar duk saitukan da za ka yi amfani da su, don kada ka taka daga garau zuwa mai kaushi sauti ya yi tsalle a tsakiyar waƙa.