Kwikwiyona ya koma yin fitsari a tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Gadarif ta ƙasar Sudan nake, ina da kwikwiyo ɗan wata biyar da na ɗauko don gadi. Da ya saba, bayan gida yake zuwa ya yi kashi da fitsarinsa a lungu ɗaya. Tun da damina ta kankama, baƙar ƙasar nan tamu ta zama taɓo, ya ƙi taka wurin sam. Yanzu a rumfa yake tsugunawa, daidai inda muke shimfiɗa tabarmar sallah, ga najasa ga yara suna yawo ba takalmi. Maman yara ta ce ko shi ko ita.

Na zuba yashi a lungun, ina fitar da shi da asuba da kuma bayan ya ci abinci. Sai ya tsaya yana kallona, muna dawowa ya saki. Na wanke simintin da omo da Dettol, ya sunsuna ya koma wurin. Tsawa kuwa ɓuya kawai ta koya masa.

Abin da ya fi damuna, fitsarin kaɗan-kaɗan yake fitowa, akai-akai, wani lokaci har da yunƙuri. Wannan ciwon mafitsara ne da sai likitan dabbobi, ko horon ne zan sake daga farko?