Neman shawara: Akra zuwa Cape Coast a kan keke, yini ɗaya ko biyu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata na biyar ke nan da aiki ya kawo ni Akra, ina zaune a Nima. Can gida Kano, duk Lahadi nakan taka keke zuwa Wudil in dawo kafin azahar, wajen kilomita 80 tafiya da dawowa, ko a jikina. Na taho da keken nawa, irin na tsere ne mai siririyar taya. To ga hutun kwana huɗu na samu a watan Agusta, raina kuma ya biya in bi bakin teku har Cape Coast, in leƙa Elmina. Taswirar waya ta nuna min kusan kilomita 150. Da lissafina in fita bayan asuba, la'asar ta same ni a can.

Sai Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in gwada ƙafata a hawan dutsen Aburi da ke kusa da Akra. Daga Ayi Mensah na fara, ban kai Peduase ba na sauka ina tura keke kamar mai kura. Wata baiwar Allah da tiren ayaba a ka ta wuce ni a ƙafa, har da yi min sannu. Tun daga nan jikina ya yi sanyi. Don Allah waɗanda suka san hanyar, haka tuddan suke har can? In yi ta yini ɗaya ko in raba? Kuma ni ne matsalar ko keken?

Kawu na Kotokuraba:
Wa alaikumus salam ɗana. Ayaba ta sha gaban keke, Allah ya sa a nan abin ya tsaya.

Kwantar da hankalinka, babu irin Aburi a hanyar nan. Aburi dutse ɗaya ne dogo, ka hau ka gama. Ta wajenmu, hanyar Cape Coast, kuwa ƙananan tuddai ne, amma ba sa ƙarewa: ka hau, ka gangara, kafin ka sauke numfashi ga wani ya tsaya maka a gaba. Ba ɗaya ne zai kayar da kai ba, na ashirin ne. Ku mutanen Kano da kun ji an ce bakin teku sai ku ɗauka faƙo ne shimfiɗe.

Sai kuma in gyara maka wani zato. Babbar hanyar ba ta bin bakin ruwa tun daga Akra. Daga Kasoa har Mankessim ta cikin ƙasa take bi, gonaki da daji da masu sayar da abarba a gefen titi, tekun ko ƙyallinsa ba za ka gani ba sai ka ratse. Winneba da Apam duk sai ka bar babban titi a mararrabarsu ka gangara 'yan kilomitoci. Daɗin tafiyar yana farawa ne bayan Saltpond. Daga nan Abandze, inda za ka hango tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu, sai Anomabu, sai Biriwa, inda in ka kai saman hawan za ka ga kwale-kwalen masunta jere a ƙasa. Wannan ɗan tsakanin shi ne abin da ka zo nema. In ka iso shi da yamma a galabaice, idonka a kan kwalta kawai, ka yi asarar tafiyar. Shi ya sa na ce ka raba biyu.

Mai Gyaran Keke, Nima:
Malam, kafin ka zargi ƙafarka ka ƙirga haƙoran giyarka. Na ci amanar kaina in ba 53 da 39 ne a gaba ba, baya kuma mafi girma 25 ko ƙasa da haka. Yawancin kekunan gwanjo da ke zuwa haka suke. A Kano wannan ya ishe ka, a nan kuwa gwiwarka ce za ta biya. In aljihu ya yarda, sa na baya mai kai wa 30 ko 32, amma a duba ko abin canza giyar zai ɗauka, ba kowanne ke ɗauka ba. Idan ka samu na gaba 50 da 34, to ka huta gaba ɗaya. Hawan tudu ba da ƙarfi ake yi ba, sassauta giya ake yi tun kafin hawan ya kama ka, a bar ƙafa tana juyawa.

Taya kuma in mai faɗin milimita 23 ce, ka koma 28 in firam ɗin zai bari. Garuruwan hanyar nan cike suke da tudun rage gudu, gefen kwalta kuma yashi ne da tsakuwa da fasassun kwalabe. Ka riƙe tub biyu, da kayan faci, da famfo. Mai faci na gefen hanya yana nan ko'ina, amma bakin famfonsa na mota ne da babur, ba zai kama siririn bawul ɗinka ba sai kana da ɗan mahaɗin nan. Sannan iskar teku gishiri ce. Kowane dare ka goge sarƙa ka ɗiga mata mai, in ba haka ba ka dawo min da ita ja wur.

Yaro Mai Gudu:
Gaskiya ni ban ga abin rabawa ba. Sau biyu na yi ta yini ɗaya. Mutumin da ke yin 80 duk mako zai iya 150 in ya ci ya ƙoshi. Ka fita ƙarfe biyar kawai ka wuce Kasoa kafin gari ya waye, sauran duk wasa ne.

Kawu na Kotokuraba:
Yaro, kai nawa kuke tafiya in kun fita? Ba ku takwas ko goma ba ne, kuna kare wa juna iska, wani lokacin har da mota a bayanku? Shi fa shi kaɗai ne, bai san inda rami yake ba. Kuma ka ce ya fita cikin duhu ya ratsa Mallam da Kasoa. Sunan Kasoa ma daga kasuwa ya samo asali, kasuwar ce kuwa har yau, ba ta barci.

Anti Nas, Takoradi:
Ɗan uwa, ni ba 'yar keke ba ce, amma a asibiti nake aiki kuma mijina yana hawa, don haka ka saurare ni. Tuddan da kake tsoro su ne ƙaramin abu. Babbar hanyar nan ita ce mai zuwa Takoradi har iyakar Kwaddibuwa. Tireloli, tankoki, manyan bas-bas da trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, duk a kanta suke, wurare da yawa kuma hannu ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa. Direba in zai wuce wani ba ya lissafi da mai keke. Ka sa hular kwano, riga mai haske, da jar fitila mai walƙiya a baya ko da rana ne. Kar magariba ta same ka a titi. Nan rana ƙarfe shida da 'yan mintuna ta faɗi, duhu kuma ba ya jira.

Na biyu, zafin nan ba irin naku ba ne. A Kano gumi yana bushewa a jikinka ya sanyaya ka. Nan iska a jiƙe take, gumin zuba kawai yake yi, kai kuma kana ta ƙuna ta ciki ba ka sani ba. Ina zargin shi ya sauke ka a Aburi ma, ba tudun kaɗai ba. Ka sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, aƙalla leda ɗaya ta fiya wata duk awa, ka jefa garin gishiri da sukari na kyamis a gora ɗaya. Ruwan kwakwa ma yana nan a hanya. In ka ji kanka yana sarawa ko jiri, ko tsikar jikinka tana tashi cikin rana, ka nemi inuwa ka zauna, ba jarumta ba ce.

Agusta dai ka dace. Manyan ruwan Mayu da Yuni sun wuce, gari yakan yi lumshi, shi ne lokacin da ya fi sanyi a bakin tekun.

Mai Gyaran Keke, Nima:
Wani abu da ba wanda ya faɗa: iska. A wannan lokacin daga kudu maso yamma take busowa, kai kuma yamma ka nufa, ke nan a fuska za ka sha ta, kuma tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Ni da ni ne, mota zan shiga a tashar Kaneshie a nan Akra in cire tayar gaba in biya kuɗin kaya, in sauka a mararrabar Winneba. Ka tsallake mafi munin hanyar ke nan. Ka tsaya a kansu lokacin lodi, kar a ɗora buhun doya a kan abin canza giya.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na je na ƙirga, 53 da 39 ne, baya 23. Mai gyara, gobe in Allah ya kai mu ina shagonka. Anti, na ji, fitila ma ba ni da ita. Yaro Mai Gudu, ka yi haƙuri, mai tiren ayaba ta riga ta yanke hukunci. Kawu, in na sauka a Winneba, ina zan kwana, kuma me zan yi da sauran kwanakin?

Kawu na Kotokuraba:
Ka gangara cikin Winneba ka ga teku ka karya kumallo, sannan ka kama hanya a hankali zuwa Mankessim ko Saltpond ka kwana. Masallaci ba zai yi maka wuya ba, tambayi zango kawai, kuma kai matafiyi ne, kana da kasaru. Washegari da sassafe, iska ba ta tashi ba, ka yi ɗan guntun nan mai daɗi. A Yamoransa ka tsaya ka sayi dokunun Fanti, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, ka ci da soyayyen kifi da yaji. Ka kula da mararrabar, nan motocin Kumasi ke shigowa.

Kwana na uku Elmina, bai fi kilomita 13 ba daga Cape Coast, shimfiɗe, itatuwan kwakwa a gefenka. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, daga kan tudun da ke fuskantarta suka yi mata ruwan igwa. Ka hau tudun da sabuwar giyarka mu gani, gajere ne amma a tsaye yake. A cikin ganuwar ka shiga ɗakunan da aka tsare bayi, ba wurin ɗaukar hoto da dariya ba ne. Kar dai ka sa ranar ta zama Talata in kana son ganin hada-hadar masunta, ran nan ba sa shiga teku.

In ƙafa ta rage, hanyar gandun dajin Kakum ta Jukwa wajen kilomita 30 ce, hawa da gangara cikin ƙauyuka da gonaki, manyan motoci ba su kai na babban titi ba. In ba ta rage ba, ka zo kasuwar Kotokuraba a Cape Coast ka sha koko da ƙosai, mu sa ka a mota da kekenka.