Na daina cin abincin dare, amma sukarina bai sauka da safe ba

Uwargida:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da likita ya tabbatar mini da ciwon sukari nau'i na biyu, ya ɗora ni a kan metformin, miligiram 500 safe da yamma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gwajin safe. Ina kwanciya sukarina yana 150, in tashi in huda yatsa tun kafin in sa komai a bakina, sai na'urar ta nuna 185, wani lokaci har 200. Yau mako uku ina kwana da yunwa, amma lambar ba ta motsa ba. Daga ina sukarin yake fitowa alhali ban ci komai ba, kuma ko zan iya ƙara ƙwaya ɗaya da kaina?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Sukarin daga hantarki yake fitowa. Hanta tana ajiye sukari, kuma idan asuba ta gabato jiki yana fitar da wasu sinadarai da ke sa ta sako shi cikin jini domin mutum ya tashi da ƙarfi. Mai lafiya insulin ɗinsa, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, yana kwashe wannan ƙarin nan take, mai ciwon sukari kuwa sai ya taru masa, shi ya sa kwana da yunwa sau da yawa ba ya gyara lambar safe. Babban aikin metformin shi ne rage wa hanta wannan sakin, kuma ana shan sa tare da abinci saboda yana iya tayar da zuciya ko ya kawo gudawa. To ke da kika daina cin abincin dare, da me kike shan na yamma?

Kada ki ƙara maganin da kanki. Ƙoda ce ke fitar da metformin daga jiki, don haka likita yakan duba aikinta kafin ya ƙara. Ki rubuta lambobinki na mako guda, na kwanciya da na tashi da na awa biyu bayan cin abinci, ki kai masa. Ga yawancin manya, abin da ake nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayansa, a ma'aunin mg/dL, wato wanda na'urarki ke nunawa.

Dattijo Mai Haƙuri:
'Yata, shekarata goma sha ɗaya da wannan ciwo, kuma na yi irin kuskurenki. Idan na kwana ban ci ba, da safe sai in cika ciki da abinci mai sitaci, kafin rana lambar ta haye fiye da da. Abin da ya taimake ni shi ne raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko ƙwai ko nama, ragowar ne kawai na hatsi. Na bar abin sha mai zaƙi gaba ɗaya, ina cin na dare da wuri, sannan in taka na minti goma sha biyar. Ki nemi a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ake so ga mafi yawanmu. Ni sai da aka ƙara mini gliclazide, wani maganin sukari da ke iya sauke shi fiye da kima, kuma a nan na san haɗarin tsallake abinci, domin wata rana gumi da karkarwa suka kama ni, na gwada na ga 62. Duk abin da ya gaza 70 ana shan sukari kimanin giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15.

Malamar Jinya:
Baba ya faɗi gaskiya. Abu ɗaya zan ƙara, 'yar'uwa: idan lambar ta haura 300 ta ƙi sauka, ko amai ya zo tare da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da kasala, kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi asibiti a lokacin.

Uwargida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya da ruwa kawai nake haɗiye na yamman, kuma cikina yana murɗawa. Yau zan koma cin abincin dare, in fara rubuta lambobin.