Shin makamin leza zai iya maye gurbin makami mai linzami wajen kakkaɓo jirage marasa matuƙa?

Injiniya Bashir: Jama'a, ra'ayina shi ne nan da 'yan shekaru makamin leza, wanda ke ƙona abin da aka saita da tsananin haske, zai karɓe aikin kakkaɓo jirage marasa matuƙa daga hannun makamai masu linzami, kuma hujjata ta kuɗi ce. Daga ƙarshen 2023 sojojin ruwan Amurka a Bahar Maliya sun riƙa harba makami mai linzami na SM-2, wanda kuɗinsa ya kai kusan dala miliyan 2, domin kakkaɓo jiragen 'yan Huthi masu arha. Shi kuwa DragonFire, makamin leza na Birtaniya, da aka sanar da nasarar gwajinsa a Janairun 2024, ma'aikatar tsaron ƙasar ta ce harbi ɗaya ba ya kai fam 10, kuma muddin akwai wutar lantarki ba a cewa harsashi ya ƙare.

Malam Habibu: Injiniya, fam 10 ɗin nan kuɗin wutar da aka sha ne kawai, ba a saka kuɗin ƙera na'urar da kula da ita ba. Kuma ba yau aka fara irin wannan alkawari ba. Amurka ta ɗora babbar leza a kan jirgin Boeing 747 da nufin ƙona makamai masu linzami tun suna tashi, ta kashe sama da dala biliyan 5, sannan ta soke shirin a 2011, domin jirgin sai ya kusanci sararin samaniyar abokan gaba kafin haskensa ya isa. Haka igwar da ke harba harsashi da ƙarfin maganaɗisu, wadda sojojin ruwansu suka jingine a 2021 bayan sun zuba mata kusan dala miliyan 500, kuma cikin matsalolinta har da saurin lalacewar bututunta.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda makamin ke aiki. Leza ba ta fashewa. Dole hasken ya tsaya cak a wuri ɗaya a jikin jirgin na wasu daƙiƙoƙi har ƙarfen ko robar ta narke, alhali jirgin yana tafiya, kuma kafin a gama da ɗaya ba a komawa kan na biyu. Idan aka turo jirage 20 a lokaci guda, waɗannan daƙiƙoƙin su ne tsakanin tsira da halaka. Sannan ƙura da hayaƙi da ruwan sama duk suna warwatsa hasken kafin ya isa. Duk wanda ya ga yadda hazo ke hana jirage sauka a Kano a lokacin hunturu zai gane abin da nake nufi. A 2024 Amurka ta kai motocin sulke 4 samfurin Stryker masu ɗauke da leza mai ƙarfin kilowat 50 Gabas ta Tsakiya, kuma jami'anta da kansu suka amince cewa zafin da na'urar ke tarawa ya ba su wahala.

Injiniya Bashir: Hajiya, duk da haka an wuce matakin gwaji. A Mayun 2025 Isra'ila ta sanar cewa ta kakkaɓo jiragen Hizbullah da dama da leza a fagen yaƙi, kuma kamfanin Rafael na ƙasar ya ƙera makamin leza na Iron Beam mai ƙarfin kilowat 100, alhali kowane makami mai linzami na Iron Dome, tsarin kariyar samaniyar Isra'ila, yana cin kusan dala 50,000.

Malam Habibu: Amma Isra'ilar ba ta ce za ta ajiye Iron Dome ba, ta ce su biyun za su yi aiki tare, domin zangon Iron Beam bai wuce kusan kilomita 10 ba. Ka duba Yukiren, inda ake gwada komai da jini. Cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan jirage marasa matuƙa na Shahed da Rasha ta yi ta turowa har da Gepard, motar igwa ta Jamus da aka ƙera tun shekarun 1970, da na'urorin toshe siginar rediyo, har sai da ɓangarorin biyu suka koma ɗaura wa ƙananan jirage siririn zaren gilashi da ake sarrafa su ta cikinsa domin kauce wa toshewar.

Injiniya Bashir: A kan tudu ina ganin ƙarfin hujjarku, amma a teku ina nan a kan bakana, domin babban jirgin yaƙi yana da wadatacciyar wuta da ruwan sanyaya na'ura, kuma Birtaniya ta tsara fara ɗora DragonFire a jiragenta daga 2027.

Hajiya Rabi: To sai mu ga yadda madubansa za su jure gishirin teku da danshi na tsawon watanni, kuma ina da yaƙinin cewa babu kwamandan da zai yarda a sauke makamai masu linzami daga jirginsa alhali ya san hadari na iya haɗuwa a daren da za a kawo masa hari.