Abin da masu wasa suka yi fata daga bugun 2024 na Dungeons & Dragons

Wannan wasan teburi ne da kowane mai wasa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari, bisa dokokin da ke cikin littattafai. Na tattaro abin da aka faɗa a doguwar tattaunawar da masu wasan suka yi kan gyararren bugun da kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa shi, ya shirya wa 2024, shekarar da wasan ya cika hamsin.

1. Kusan baki ya zo ɗaya kan cewa littattafan bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, su ci gaba da aiki da sababbin dokoki, domin mutane da yawa sun cika kanta da su, kuma ba sa son a mayar musu da su kayan ado.

2. An fi daɗewa a kan tazarar da ke tsakanin masu sihiri da mayaƙa, wato nau'o'in jaruman da ake zaɓa a wasan. Da zarar an haura matakan sama, mai sihiri kan warware matsala da tsafi guda, shi kuwa mai takobi sai dai ya sake jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya jira sa'arsa. Wasu sun nemi a rage ƙarfin sihirin, wasu suka ce a ƙara wa mayaƙi dabaru. Ni ina tare da na biyun, tunda rage wa mutum abin da ya saba da shi yana kashe masa gwiwa.

3. Jagororin wasa, wato masu tsara labarin da tafiyar da shi, sun roƙi a gyara ma'aunin ƙarfin dodanni, saboda yakan yaudare su wajen shirya faɗa.

4. Kan manhajoji aka rabu. Wasu na maraba da su, wasu kuma, musamman waɗanda ke tuna rikicin farkon 2023 kan yunƙurin kamfanin na sauya lasisin da ke ba wasu damar wallafa kayan wasan, sun dage cewa littafin takarda da fensir su wadatar a teburi.