Me ya sa ɗan koyo ke shekara a gaban oga amma hannunsa bai faɗa ba?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Sau da yawa oga gwani ne a walda, amma yaransa sai kallo da miƙa kaya. Laifin yaran ne ko na koyarwar? Yaya ya kamata a koyar?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Hannun gwani ya saba, shi ya sa yake tsallake abin da yaro bai sani ba, sai ya ce "yi kamar yadda na yi". To me yaron ya gani? Tartsatsi kawai. A ba shi gilashin walda nasa, ya tsaya ta bayan kafaɗar oga, ya zuba ido kan narkakken ƙarfen da ke bin bakin sandar walda. Sannan a faɗa masa lamba: sanda samfurin 6013 mai kaurin milimita 2.5 tana son ƙarfin wuta na amfiya 60 zuwa 90, tazarar bakinta da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar. Wuta ta yi kaɗan, sanda ta riƙa mannewa. Ta yi yawa, ta cinye gefen ɗinkin walda ko ta huda ƙarfen. Yaron da bai san dalili ba, da an canza masa kaurin ƙarfe ya rikice.

Malamin Sana'a: Haka ne, Malam. Akwai tsarin matakai huɗu da aka fito da shi a masana'antun Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya Toyota ta ɗauka. Ka kwantar wa yaro da hankali, ka gano abin da ya riga ya sani. Ka nuna aikin a hankali, kana faɗin kowane mataki da dalilinsa. Shi ma ya yi, yana yi maka bayani da bakinsa. Sai ka bar shi, kana leƙowa, kana rage leƙen. Na ukun nan aka fi tsallakewa, alhali nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya gyaɗa kai don tsoro.

Tsohon Hannu: Ƙari kaɗan: ya fara da jan layin walda a kan guntayen ƙarfe a kwance, ba kan aikin mutane ba. In ya haɗa biyu, a ɗaure a karya ya ga cikin. Idan ɓawon walda ya maƙale a ciki, bai kankare ba kafin ya maimaita. Kuma gyara ɗaya a lokaci guda, ban da tsawa, don hannun da ke rawa ba ya riƙe tazara.